DAGA ZAUREN MAKARANTA: Gudun Mota, da Agogo Za a Auna ko da Taki?

 Yau zan ɗan kauce wa maganar da muka saba. Na yi alkawari a watan jiya zan ƙarasa bayanin zakkar kayan ciniki. To, a gafarce ni, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Abin da ya hana ni a ƙofar makarantata ya faru, tun ran nan kuwa bai bar zuciyata ba.

Ran wata Laraba da hantsi na sallami yara. Wani ɗan yaro, shekarunsa ba su wuce bakwai ba, allonsa a hammata, ya hangi yayarsa a ƙetaren titi tana tallan koko, sai ya zabura ya faɗa hanya bai duba hagu ba bai duba dama ba. Ga trotro ta taho cike da mutane. Direba ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara har mata suka ɗora hannu a ka, mota ta zo ta tsaya cik, tsakaninta da yaron bai fi kamu ɗaya ba. Allah ya tsare. Direban ya sauko jikinsa na rawa, ya kasa ko magana, sai da aka ba shi ruwa. Da hankalinsa ya komo ya rantse mini gudun 50 yake yi, watau kilomita 50 a awa, ban kuwa ƙaryata shi ba. Bayan mutane sun watse na bi baƙin sawun da tayoyin suka bari a kwalta, na auna da ƙafata, na sami babban taki goma sha huɗu da ɗan ƙari. Daga baya aka gwada da igiyar awo, ya kama mita 14. Ga 'yan kasuwar atamfa, wannan kamar turmi biyu da rabi ke nan, in turmi mai yadi shida ne.

Da la'asar muna zaune a majalisa, zance ya zo. Wani dattijo daga cikinmu, Alhaji ne mai loroi biyu a hanyar Tamale, wanda ya san mota tun muna goye, ya ce, "Ai an yi arziki da 50 yake yi. Da 70 ne, da ya bugi yaron da ragowar 20. Amma ko shi ma gudun keke ne, da ya ƙuje ya tashi." Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Ai lissafin a fili yake: birki ya ci 50, a cire 50 daga 70, saura 20. Wa zai yi gardama?

Ashe a gefen tabarma akwai wani tsohon almajirina, wanda ya sauke a hannuna, yanzu yana karatun injiniya a Jami'ar Kwame Nkrumah a nan Kumasi. Yaro ne mai ladabi, bai tsoma baki a gaban manya ba. Sai bayan magariba ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, lissafin Baba Alhaji yana da gyara. In birki ɗaya ne, kuma wuri ɗaya suka taka, to, inda mai 50 ya tsaya, mai 70 zai wuce wurin da gudun 49." Na ce, "Nawa?" Ya ce, "Arba'in da tara, Malam." Na ce masa ko dai bokon ne ya fara taɓa shi. Ya yi murmushi, ya roƙi takarda. Muka zauna da fitila har aka kira isha'i, shi yana rubuta nasa da boko, ni ina bin sa da ajami a bayan takardar siminti. Kwana uku ina juya abin kafin in sallama. Yaron ya yi gaskiya, mu dattawa muka yi kuskure. Abin da na fahimta shi zan shimfiɗa muku, da irin harshen da muka saba.

Tambaya biyu ce ake iya yi game da motar da aka taka wa birki. Ta fari: bayan sakan kaza, gudunta nawa? Ta biyu: da ta iso wuri kaza, gudunta nawa? Ta farin tana da sauƙi, domin birki mai kyau yana rage gudu daidai wa daida kowane sakan. Mu ɗauka ƙaramar mota ce mai lafiyayyen birki da tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta, birkinta yana zabge kamar kilomita 25 daga gudu a kowane sakan ɗaya. Mai 50 zai tsaya cikin sakan 2, mai 100 cikin sakan 4. A nan lissafin Alhaji yana nan daram. In da agogo muke awo, sa'ad da mai 50 ya tsaya, mai 70 saura 20 gare shi, ba ƙarya.

Amma fa yaron da ke tsakiyar titi ba a cikin agogo yake tsaye ba, a wuri yake tsaye. Mota ba ta tambayarsa ƙarfe nawa. Mai 70 kuwa ba zai jira sakan biyun nan su cika kafin ya iso wurin ba, tun da ya fi sauri, zai riga lokacin isowa, birkinsa bai gama cin rabin abin da Alhaji ya ƙidaya masa ba. Nan ne kuskurenmu yake. Mun amsa tambayar lokaci, alhali tambayar wuri aka yi mana. Ku lura kuma, ran da hatsari ya auku ba wanda yake riƙe da agogo. Abin da ke saura a ƙasa shi ne sawun taya, shi masu bincike suke aunawa da igiya. Saboda haka masu ilmin motsi suka nemi hanyar da za a kori lokaci daga cikin lissafin ɗungum, a bar gudu da nisa su kaɗai suna fuskantar juna.

Ga yadda ake korarsa, ba wuya. In gudu yana raguwa daidai wa daida, nisan da mota ta ci daidai yake da a ce ta yi tafiyar duka da matsakaicin gudu, watau a haɗa na farko da na ƙarshe a raba biyu. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan, kamar wanda ya sayar da goro farashi yana sauka a hankali daga safe zuwa yamma, in yana son jimla sai ya kama farashin tsakiya. Malaman Oksfod a Ingila sun rubuta wannan ƙa'ida tun wajen shekarun 1330. To, mai 50 matsakaicinsa 25, watau kamar mita 7 a sakan, sau sakan 2, ya ba da mita 14. Kun ga ya yi daidai da sawun da na auna. Mai 100 kuwa matsakaicinsa 50, watau mita 14 a sakan, sau sakan 4, ya ba da mita 56. Gudu ninki biyu, amma nisan tsayawa ninki huɗu, turmi goma cur. Dalili kuwa gudun sau biyu yake shiga lissafin: shi ya tsawaita lokacin, shi kuma ya ƙara yawan ƙasar da ake ci a kowane sakan. Tun da sau biyu yake shiga, sai a buga shi da kansa tun farko, a huta da agogo.

A nan ne abin ya yi mini daɗi, domin na tarar da wani tsohon sani. Adadin da aka buga da kansa, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin halifa Ma'amun, da sunan "mal" yake kiransa, watau dukiya, asalin adadin kuwa ya kira shi "jizr", watau saiwa. Babban kashi na littafin nan a kan wasiyya da rabon gado yake, saboda haka mu malaman zaure ba baƙi ba ne a gidan. Ni dai don sauƙi zan kira gudun da aka buga da kansa jarin gudu. Mai gudun 30 jarinsa 900. Mai 50 jarinsa 2,500. Mai 70 jarinsa 4,900. Mai 100 jarinsa 10,000. Ƙa'idar duka ita ce: birki ba daga gudu yake karɓar rabonsa a kowace mita ba, daga jari yake karɓa, kuma abin da yake karɓa ɗaya ne a kowace mita, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Irin birkin da muka ɗauka misali yana cin 180 a kowace mita. Kamar bashi ne da ake biya kashi-kashi, kowane taki a ba da 180, mota ba ta tsayawa sai an biya kaf. 'Yan makarantar boko suna rubuta shi haka, v² = u² + 2as, in kun gani a littafin 'ya'yanku kada ya ba ku tsoro, ma'anarsa jarin ƙarshe shi ne jarin farko tare da abin da kowace mita ta ƙara ko ta rage. Ku duba da kyau, babu harafin lokaci a ciki.

Yanzu mu koma ƙofar makaranta. Mita 14, kowace ta ci 180, an biya kamar 2,500. Mai 50 ya fita bashi, ya tsaya. Mai 70 da ya zo da 4,900, an cire 2,500, saura 2,400. Wane adadi ne in an buga shi da kansa zai ba da 2,400? Ku gwada 49 sau 49, za ku sami 2,401. To, ga 49 ɗin almajirina. Watau mai 70, bayan ya taka birki iyakar ƙarfinsa, tayoyi suna hayaƙi, zai iso kan yaron da kusan irin gudun da ɗayan yake yi tun bai taɓa birki ba. Ko mai 60, wanda kowa zai ce ai goma kaɗai ya ƙara, jarinsa 3,600, a cire 2,500 saura 1,100, saiwarsa 33. Goma ya ƙara a allon mota, talatin da uku ya kawo wa yaro.

Har yanzu ma mun yi wa direban rangwame, domin mun ɗauka da ganin yaro da taka birki lokaci ɗaya ne. Ba haka ɗan Adam yake ba. Kafin ido ya gaya wa zuciya, zuciya ta gaya wa ƙafa, sakan guda ya wuce, ga wanda yake a farke ke nan, ban da mai gyangyaɗi ko mai waya a kunne. A cikin sakan ɗin nan mota tana tafiya da cikakken gudunta: mai 30 ya ci mita 8, mai 50 ya ci 14, mai 60 kusan 17, mai 70 fiye da 19. Mu ce yaro ya faɗo titi mita 28 gaban mota. Mai 50 ya ɓatar da 14 kafin ya taka, ya tsaya cikin 14, ya tsaya a ƙafar yaro, kamar yadda muka gani da idonmu. Mai 60 saura mita 11 da ɗan kai gare shi, zai iso da gudun 40. Mai 70 bai kai mita 9 ba abin da ya rage masa, zai iso da 58. Mai 30 fa? Takwas da biyar, mita 13, ya tsaya saura mita 15 tsakaninsa da yaro, har ya sami sukunin leƙo kai ya yi masa faɗa.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki: mai gudun 100 da ke bukatar mita 56, in ya ci rabin wannan nisa, mita 28, kada ku zaci gudunsa ya koma 50. Yana kan 70. Sai ya ci mita 42, kashi uku cikin huɗu na filin, sa'an nan ya sauko 50. Watau birki a ƙarshe yake nuna aikinsa, a 'yan takun da suka rage. Wanda aka tare wa 'yan takun nan na ƙarshe, ko da saniya ce ta fito daga daji ko wata lori ce ta lalace a bayan kwana, da ragowar gudu mai yawa zai yi karo.

Na faɗa wa Alhaji wannan duka a keɓe, don ba a gyara wa babba magana a bainar jama'a. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai shekara arba'in yana harkar mota, jikinsa ya san abin, bakinsa ne bai sani ba, domin bai taɓa yarda direbansa ya bi wata mota kurkusa a kan gudu ba. Shi ne ma ya ce in rubuta a takarda kowa ya gani. Na ce masa kada ya ji kunya, domin wanda ya fi mu duka a wannan fanni ya faɗa irin ramin nan.

Galiliyo nake nufi, masanin nan na Italiya. Shi a kan dutsen da aka saki daga sama yake bincike, wanda yake juyin birki ne, gudu yana ƙaruwa maimakon raguwa. Tun kafin shi malamanmu sun yi magana a kan wannan. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin wani abu da ya kira "mail", watau karkatar da ke cikin jiki mai motsi, Abul Barakati na Bagadaza kuma a ƙarni na 12 ya ce abin da ke faɗowa yana ƙara sauri ne domin karkata tana taruwa a kan karkata. Magana ce mai kyau, amma gaskiya ba su sa mata adadi ba, abin da ba a sa wa adadi ba kuwa ba ya gaya maka taki nawa za ka tsaya. Galiliyo adadi ya nema. A watan Oktoba na 1604 ya rubuta wa abokinsa Paolo Sarpi wasiƙa, ya ce gudun dutse yana ƙaruwa daidai da nisan da ya faɗo, in ya faɗo ninki biyu gudunsa ninki biyu. Kun ji, lissafin majalisarmu ne sak. Daga baya ya gane ba haka ba ne. A littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a Laidin ta ƙasar Holan a 1638, yana tsoho, ido ya tafi, yana tsare a gida tun shari'ar da aka yi masa a Rum a 1633, ya yarda a fili cewa shi ma ya taɓa riƙe wannan kuskure. Wannan hali nasa ya burge ni. Malami nawa ne a cikinmu zai rubuta da hannunsa cewa fatawarsa ta shekarun baya ba daidai ba ce?

Kuskuren kuwa in an bi shi har ƙarshe abin dariya yake haifarwa. In gudun dutse daidai yake da nisan da ya riga ya faɗo, to, sa'ad da ka buɗe hannunka bai faɗo ko kaɗan ba, saboda haka ba shi da gudu ko kaɗan, wanda ba shi da gudu kuwa ba zai motsa ba balle ya sami nisa. Sai dutse ya tsaya a iska yana jiran kansa har abada. Abin da yake daidai shi ne gudu da lokaci suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, nisa kuwa da jarin gudu yake tafiya. Dutse yana faɗowa kamar mita 5 a sakan na fari, 15 a na biyu, 25 a na uku, watau ɗaya, uku, biyar. A ƙarshen sakan na fari ya yi mita 5, a ƙarshen na biyu ya yi 20. Nisa ya ninka huɗu, gudu kuwa biyu kaɗai ya ninka.

Almajirin Galiliyo, Toriceli, wanda ya zauna da shi watanni uku na ƙarshen rayuwarsa kafin ya rasu a 1642, ya ɗauki wannan ya kai kan ruwa. A littafinsa na 1644 ya nuna cewa ruwan da ke tsartuwa daga huda a jikin ganga yana fita da irin gudun dutsen da aka saki daga saman ruwan zuwa daidai hudar. Wanda ke da tankin ruwa a gida ya iya gwadawa: famfon da ruwa ya yi masa mita huɗu a bisa, ƙarfin fitarsa ninki biyu ne na wanda ruwa ya yi wa mita ɗaya, ba ninki huɗu ba. A makarantun Barazil da sunan Toriceli ake kiran ƙa'idar nan tamu da ba ta da lokaci a ciki.

Faɗuwa ma tana da nata kuɗin kowace mita. Kamar yadda birkinmu yake cin 180, haka kowace mita ɗaya da abu ya sauko ƙasa take ƙara wa jarin gudunsa kamar 254. Wannan adadi ba na birkin wani ba ne, janyowar ƙasa ce, ɗaya ce ga kowa. Da shi za ku gane nauyin karo. A raba 900 da 254, ya ba da mita uku da rabi: wanda mota ta buga a gudun 30 kamar wanda ya faɗo daga rufin ɗaki ne. A raba 2,500, ya ba da kusan mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. A raba 10,000, ya ba da mita 39, wannan kuwa sai dai a ce inna lillahi. Ba uban da zai bar ɗansa ya yi wasa a bakin rufin bene hawa uku ba katanga, amma kullum muna sakin su a bakin titin da ake gudun 50.

Masu loroi da masu yi musu lodin doya da albasa da shanu, ga taku. Duk wanda ya bi gangaren Mampong a hanyar Ejura, ko na Nakpanduri ta wajen Bawku, ya san akwai direbobin da kan cire giya a gangara su bar mota ta sulala don a rage shan mai. To, lorin da ta kama gangara da gudun 30, jarinta 900. In ta sauko tsawon mita 20 kaɗai, ina nufin zurfin saukowa, ba tsawon hanya ba, ƙasa ta ƙara mata 5,080, jimla 5,980, gudunta ya doshi 77, sai ɗan abin da iska da gugar taya suka rage. Ko gangaren a miƙe yake ko a kwance, ko minti ɗaya aka yi ko uku, lissafin bai damu ba, zurfin kaɗai yake tambaya. Sa'an nan lori mai kaya ba ta da birkin ƙaramar mota. In mun ce nata 90 yake ci a mita maimakon 180, duk nisan birkin da na lissafa a sama sai ku ninka shi biyu, haka kuma in an yi ruwa ko hanyar jar ƙasa ce ko taya ta suɗe. Abin da birki ya ci daga jari kuma ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa a cikin ƙarfen birkin, gwargwadon nauyin kaya gwargwadon zafin. In ya yi zafi ainun sai ya daina kamawa, a tsakiyar gangara, inda aka fi bukatarsa. Shi ya sa tsofaffin direbobi suke sa babbar giya tun daga kan tudu, inji ya riƙe motar. Mai kaya da ya matsa wa direba a ƙara buhu ashirin a bisa, ko ya ce lalle a iso kasuwa kafin asuba, ya sani da hannunsa a cikin lissafin nan. Mu kuwa mun karanta a fiƙihu cewa kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere. Ban ce kowane hatsari laifin wani ne ba, ƙaddara gaskiya ce. Amma wanda aka nuna wa taki nawa motarsa take bukata, ya ƙi ba ta, ban san da wane baki zai ce bai sani ba.

Dokar hanya ta ƙasar nan, wadda aka yi a 2012, ita ma da wuri ta ɗaure gudu: 30 a kusa da makaranta da masallaci da kasuwa da asibiti, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya. Dā ina ganin 30 ɗin nan tsanani ne, tafiyar hawainiya. Yanzu da na ga mita 13 a gefe guda da mita 28 a ɗaya gefen, na janye maganata. Direban ran Laraba ma, da na yaba masa don ya tsaya, ashe ya haura abin da doka ta ba shi a wurin da ashirin.

Saura maganar da za ta zo gaban taron ƙungiya na wannan wata, watau takardar da za mu kai wa hukuma muna roƙon a yi mana tudun rage gudu da allon gargaɗi a titin makaranta. Na ji waɗansu suna cewa a kafa allon a daidai ƙofar makaranta don kowa ya gani. Ina roƙon dattawa a sake shawara. Motar da ta taho da 70, kafin ta sauko 30 sai ta biya 4,000 daga jarinta. In da birkin gaggawa ne, mita 22. Amma ba wanda yake so direba ya riƙa kifar da fasinja kullum, birki na hankali kuwa, wanda ke cin kamar 60 a mita, yana bukatar mita 67, a ƙara 19 na kafin ƙafa ta taka, ya zama 86. Saboda haka allon da aka kafa a ƙofa ba yaranmu zai yi wa amfani ba, sai mutanen da ke can gaba da mu. Abin da nake ba da shawara a rubuta a takardar shi ne allo a mita 100 kafin ƙofa ta kowane gefe, tudun kuwa a ɗan gabata da shi kafin inda yara ke ƙetarewa. Ni da almajirina mun riga mun auna, ta gabas ya faɗa daidai wurin mai gyaran keke, ta yamma kuwa kusa da famfon unguwa.

Kafin hukuma ta amsa, na sa manyan almajirai biyu su riƙa tsayawa a bakin titi lokacin tashi, ba yaron da zai ƙetare sai a hannunsu. Iyayen da 'ya'yansu ke zuwa daga ƙetaren titi, ina roƙo su zo taron da kansu, kada su aiko. Wanda kuma yake shakkar 49 ɗin nan, ya zo zaure bayan la'asar da takardarsa, mu buga tare.

Wassalam, sai wata mai zuwa, a kan zakka.